Matallafin Ƙafa na Zamani: Daɗin Sawa ko Daɗin Baki?

 Na san wani zai ce, me ya haɗa ɗalibin harshe da maganar ƙafa da takalmi, alhali ga nahawu da adabi da fassara suna jiran mu? To ai duk wani sabon abu da zai shigo cikin jama'a, sai ya bi ta bakin wani kafin ya kai hannunsu, mu kuwa aikin bakin ake koya mana. Gobe mu ne a gidan rediyo, mu ne masu fassara takardar asibiti, mu ne masu rubuta talla. Idan muka raɗa wa abu sunan da bai dace da shi ba, ko muka yi ta kambama shi ba tare da mun san cikinsa ba, to da hannunmu a cikin cutar da za a yi wa mai saye.

Abin da nake son mu duba a wannan karon shi ne wani ɗan faifai da ake sakawa a cikin takalmi, ƙarƙashin tafin ƙafa, wanda ake ƙera wa mutum shi kaɗai daidai da siffar tasa ƙafar. Likitoci kan rubuta shi ga masu ciwon dunduniya, da masu shimfiɗaɗɗen tafi, da waɗanda kwarmin tafinsu ya cika zurfi, da masu sanyin gaɓoɓi, da kuma masu ciwon suga. Abin ba sabo ba ne. Sabon dai shi ne yadda ake ƙera shi yanzu da na'urar nan da ake ce wa firintar 3D, da kuma irin zaƙin bakin da ke biye da ita a intanet, wai tun da kwamfuta ce ta auna ƙafar, inji ne kuma ya fitar da kayan, to dole ne ƙafa ta ji daɗinsa fiye da na hannu. Ni kuwa a nawa ra'ayin, na'urar alheri ce, ina kuma yi mata maraba, amma ba ita ke kawo daɗin ba. Shi kansa daɗin ma, ba kowace ƙafa ce za a karɓi shaidarta a kansa ba.

Bari mu fara da suna, tun da shi ne sana'armu. Wasu za su ce a kira shi matashin ƙafa. Ban yarda ba, domin da an ce matashi sai hankali ya tafi ga laushi, alhali mafi yawan irin wannan faifai yana da ɗan tauri, kuma aikinsa shi ne ya rarraba nauyi, ya hana ƙafa karkata fiye da kima. Wasu kuma za su ce matokari. Wannan ya fi kusa, sai dai duk Bahaushe ya san abin da ake nufi idan mutum ya ce wani abu ya tokare shi. Kuka ne yake yi, ba yabo ba. Saboda haka ni na zaɓi matallafi, daga tallafa, irin yadda uwa ke tallafe kan jinjiri da tafin hannunta. Mai karatu ya riƙe waɗannan kalmomi biyu, domin faifai guda, da siffa guda, yana iya tallafar ƙafar wani ya tokari ta wani. Kai, yana ma iya tallafar ƙafar mutum da safe ya tokare ta da yamma.

Ƙafar ɗan Adam, daga idon sawu zuwa yatsu, ƙasusuwa 26 gare ta da gaɓoɓi 33, ga kuma tsokoki da jijiyoyi sama da 100 da suka ɗaure su. Idan mutum yana tafiya, abin da ke sauka a kanta a kowane taku yakan ɗan haura nauyin jikinsa, in kuwa gudu yake yi sai ya kai ninki biyu zuwa uku. To sai ka auna wannan da ɗan dako a kasuwar Mile 12 ta Legas, da buhun albasa a kai, ko ɗan garuwa, ko mai gadin da zai kwana a tsaye. Irin waɗannan mutane ciwon dunduniya ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, domin ranar da ba a taka ba, ranar ba a ci ba.

Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan ƙashi a birnin New York na Amurka, mai suna Royal Whitman, ya ƙera faifan ƙarfe don masu shimfiɗaɗɗen tafi, wanda aka san shi da takura ƙafa. A shekarun 1950 da 1960 kuma Merton Root, wani likitan ƙafa a Kalifoniya, ya fito da tsarin da ya zama tushen aikin har yau, shi da abokan aikinsa biyu suka wallafa babban littafinsu a 1977. Yadda ake yi a wannan tsari shi ne, a naɗe ƙafa da bandeji mai filasta, irin wanda ake ɗaure karaya da shi a asibiti, a bar shi ya sandare, a zare shi a sami kwasfa. Sai a dama filasta a zuba cikin kwasfar, a sami ƙafar filasta mai kama da ta mutumin. Daga nan ma'aikaci zai zauna ya ƙara nan, ya kankare can, sannan a gasa faifan roba a tanda har ya yi laushi, a kifa shi a kan ƙafar filastar, a zuƙe iska ya lafe, a yanke gefe, a goge, a lulluɓe da fata ko soso. Daga baya aka sami injin da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ke sassaƙo matallafin daga dunƙulen roba.

Bambancin wannan injin da firintar 3D shi ne bambancin masassaƙi da maginiyar tukwane. Masassaƙi yakan sami gungume ya yi ta sara har turmi ya fito, mafi yawan icen kuwa ya tafi a ɓarɓashi. Maginiya kuwa murɗa yumɓu take yi, tana ɗora wani a kan wani har tukunya ta tashi, ba ta zubar da komai sai kaɗan. Firintar 3D maginiya ce. Takan shimfiɗa roba hawa a kan hawa, kowane hawa kaurinsa bai kai rabin milimita ba, har abin da aka zana a kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa. Chuck Hull ya sami haƙƙin mallakar irin tasa dabarar a 1986, Carl Deckard ya fito da mai haɗe garin roba da hasken leza a Jami'ar Texas cikin shekarun 1980, shi kuma Scott Crump ya nemi haƙƙin mai narka zaren roba a 1989. Da wa'adin haƙƙin Crump ya ƙare a 2009, sai ƙananan na'urori suka cika kasuwa, farashi ya faɗi, har ɗalibi ma yana iya ajiye ɗaya a kan tebur. Wani abin sha'awa a nan shi ne, ɗaya daga cikin nau'o'in nailan da ake gina matallafi da su, wanda ake kira PA11, daga man zurman ake yin sa, itacen nan da ke fitowa a jujinmu babu mai kula shi.

Ba zan rage wa na'urar nan haƙƙinta ba. Maimakon filasta da ɓata tufafi, cikin 'yan mintoci sikana za ta ɗauki siffar ƙafa. Zanen yana zama a kwamfuta, in matallafi ya ɓace ko ya tsufa sai a sake fitar da irinsa sak, kuma ana iya aika zanen daga Sakkwato zuwa Legas ta intanet ba tare da an sa mara lafiya a mota ba. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne, ana iya gina cikinsa kamar saƙar zuma, a matse ramukan a inda ake son tauri, a buɗe su a inda ake son laushi, duk a faifai guda. A da sai an yi ta liƙa soso iri-iri da gam kafin a sami haka. Wannan ci gaba ne na gaske.

Amma fa tambayar ita ce, ƙafa ta fi jin daɗinsa? A 2010 wasu masana a Birtaniya suka gwada matallafin da aka gina da leza a kan mutane 7 masu sanyin gaɓoɓi, suka kwatanta da wanda suka saba sawa. Abin da suka samu shi ne, sabon ya yi daidai da tsohon. Ya kamo shi, bai wuce shi ba. A 2013 wasu kuma a Jami'ar Loughborough ta Ingila suka ɗauki 'yan gudu 38, suka ba wasu wanda aka gina bisa siffar ƙafarsu, wasu kuma wanda aka gina bisa siffar shimfiɗar takalmin kawai, suka sa na tsawon wata 3. Masu na musamman sun fi samun sauƙi a dunduniya da kuma zaman takalmin gaba ɗaya, sai dai duka ɓangarorin biyu sun yi kukan tokara a ƙarƙashin kwarmin tafi. Mai karatu ya lura, har wanda aka auna ƙafarsa da sikana bai tsira daga wannan kukan ba. Akwai kuma binciken da aka yi a ƙasar Sin a 2019 da mutane 80 masu shimfiɗaɗɗen tafi, inda bayan mako 8 masu na firinta suka fi nuna jin daɗi. Wannan shi ne irin wanda masu talla ke son ambata, amma ba su cika faɗin cewa da na kanti aka kwatanta shi ba, wato wanda ake saye a shirye, ba da wanda ƙwararre ya ƙera da hannu ba.

Ita kanta maganar cewa na musamman ya fi na kanti ba a kowace cuta take tabbata ba. A 2006 Karl Landorf da abokan aikinsa a Ostareliya suka raba mutane 135 masu ciwon dunduniya gida uku: wasu aka ba su na musamman, wasu na kanti, wasu kuma na bogi, wato soso siriri da ba ya tallafar komai. Bayan wata 3, na musamman da na kanti sun ɗan ɗara na bogi, amma a tsakaninsu su biyun babu wani bambancin a zo a gani. Bayan shekara guda kuwa duka ukun sun yi kunnen doki. A 2008 ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara bincike-binciken lafiya tana tace su, ta duba gwaji 11 da suka ƙunshi mutane 1,332, ta ga hujja mai ƙarfi cewa na musamman yana taimakon masu zurfin kwarmi da ke fama da ciwo, da hujja matsakaiciya ga wasu masu sanyin gaɓoɓi, amma ga ciwon dunduniya al'amarin bai fito fili ba. Ke nan ɗan dakonmu mai ciwon dunduniya, kafin ya sayar da akuya ya sayi na firinta, haƙƙinsa ne a gaya masa ya fara gwada na kanti mai kyau.

Me ya sa awon kwamfuta, duk da ƙwarewarta, bai isa ya tabbatar da daɗi ba? Dalili shi ne sikana hoton ƙafa take ɗauka a tsaye cak, ƙafa kuwa ba a tsaye take rayuwa ba. Siffarta idan tana rataye dabam, idan an taka ta dabam: kwarmin yakan sauka, tafin ya baje, dunduniya ta faɗaɗa. Da yamma kuma takan ɗan kumbura fiye da safe. Wanda ya gina matallafi daidai da hoton ƙafar da ke rataye, ba ragi ba ƙari, to ya gina matokari. Tsofaffin ma'aikata sun san wannan, shi ya sa suke ƙara filasta a kwarmin ƙafar filasta, don su bar wa nama wurin da zai baje idan nauyi ya sauka. Nawa za a ƙara? Wannan hukunci ne na mutum, wanda ya duba nauyin mai ƙafar da aikinsa da takalminsa da inda yake jin ciwo. A sabon tsari ma hukuncin yana nan, wuri kawai ya sauya, daga teburin filasta ya koma fuskar kwamfuta. In wanda ke zaune gaban kwamfutar bai san ƙafa ba, inji zai fitar da kuskurensa ne tsaf, ba tare da ya rage ko ƙwayar zarra ba.

Akwai wani aiki da nake ganin ya kamata a yi wa tsayuwar natsuwa. A 2001 masana a Jami'ar Calgary ta Kanada, cikinsu har da Benno Nigg, suka ba sojoji sama da 200 shimfiɗun takalmi iri 6 masu bambancin tauri da tudu, suka ce kowa ya faɗi yadda ya ji kowanne. Sai aka ga zaɓi ya bambanta daga mutum zuwa mutum, gwargwadon zurfin kwarminsa, da tsayuwar ƙafarsa, da yadda fatar tafinsa ke jin taɓi. Waɗanda suka ci gaba da sa abin da suka fi jin daɗi kuma, ciwo da rauni sun yi ƙaranci a cikinsu idan an kwatanta da waɗanda ba su sa komai ba. Daga irin wannan ne Nigg ya fito a 2015 da ra'ayin cewa jin daɗi wata matata ce da jiki ke tace abin da ya dace da shi. Masana ba su haɗu duka a kan wannan ra'ayi ba, amma Bahaushe ba zai yi mamakinsa ba, tun da shi ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, tambayar mai ƙafa ba ladabi ba ne kawai da ake yi masa bayan an gama aiki, wani ɓangare ne na awon kansa. Shi ya sa ma ake ce wa mutum ya fara sa sabon matallafi na awa ɗaya ko biyu a rana ta farko, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan har kimanin mako 2, sannan ya dawo a gyara inda ya tokare. A nan kuma tsohon faifan roba yana da wata falala, domin ma'aikaci yana iya hura masa zafi ya danne tudun nan take mai ƙafa na zaune. Na nailan ɗin firinta bai cika karɓar irin wannan gyara da sauƙi ba, sau da yawa sai an koma kwamfuta an sake ginawa. Duk kamfanin da zai ce ka ɗauki hoton ƙafarka da waya ya aiko maka da kaya, tambaye shi wa zai gyara in ya tokare, kuma wa zai biya kuɗin gini na biyu.

To sai dai akwai ɗakin da mai shi bai san yana yoyo ba, kuma nan ne hankalina ya fi tashi. Ciwon suga idan ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, haka ma kuturta. Mutum zai taka ƙusa ya wuni da ita bai sani ba. Paul Brand, likitan Birtaniya da ya yi aiki da kutare a Vellore ta ƙasar Indiya tun daga shekarun 1940, shi ya nuna wa duniya cewa yawancin gyambon da ke cinye ƙafafunsu ba cutar ce ke cin naman kai tsaye ba. Rashin jin zafi ne ke sa su yi ta taka wuri guda har ya ƙuje, ya yi bororo, ya fashe, ya ruɓe. Maganin da shi da abokan aikinsa suka samar kuwa takalmin sandal ne na wata roba mai laushi, wanda masu ɗinkin takalma na gari ke iya yi. Har yanzu a Nijeriya ana samun sababbin masu kuturta sama da 2,000 a shekara. Masu ciwon suga kuwa, ƙungiyar masu yaƙi da cutar ta duniya ta ƙiyasta su da manya miliyan 3.6 a ƙasar nan a 2021. Masana sun nuna a 2017 cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin ɗari na masu ciwon suga za su sami gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma cikin waɗanda suka warke, kimanin kashi 40 cikin ɗari gyambon kan dawo musu kafin shekara ta zagayo. Wani bincike da aka yi a manyan asibitoci 6 na Nijeriya tsakanin 2016 da 2017, a kan mutane 336 da aka kwantar saboda wannan gyambo, ya nuna an yi wa sama da kashi ɗaya cikin uku yanka, kimanin ɗaya cikin biyar kuma suka riga mu gidan gaskiya.

Irin wannan mutum idan ka sa masa matallafi ka tambaye shi, “Baba, ya ka ji?” zai ce maka, “Lafiya lau, ɗana,” ko da kuwa tudun yana haƙa masa rami a tafi. Ba ƙarya ya yi ba, mai ba shi labari ne ya mutu. Saboda haka ƙa'idar da ƙwararrun duniya kan ƙafar mai ciwon suga suka shimfiɗa ba ta dogara da bakinsa ba. Ana fara gwada jinsa da wani siririn zare mai danna fata da ƙarfin giram 10, sannan a sa ma'aunin danni a cikin takalmi ya yi tafiya, a tabbatar dannin da ke kan wurin haɗari ya ragu da aƙalla kashi 30 cikin ɗari, ko ya sauka ƙasa da kilofaskal 200. A nan ne nake ganin firintar 3D za ta fi amfani, domin tana iya sassauta daidai wurin da ma'auni ya nuna, ta ƙarfafa kewayensa. Amma kuma a nan ne tallar “za ka ji daɗi” ta fi zama guba. Sayar wa mai mutuwar ƙafa matallafi ta waya, ba gwaji ba dubawa, ni a wurina ganganci ne da ran mutum.

Duk da haka daɗi bai fita daga lissafi ba ko a wurinsu. A 2013 Sicco Bus da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka bi mutane 171 masu ciwon suga da suka taɓa yin gyambo. Takalman da aka inganta da ma'aunin danni ba su rage dawowar gyambo sosai ba idan aka haɗa kowa da kowa, amma a cikin waɗanda suka riƙa sa su a mafi yawan takunsu, dawowar ta ragu kusan da rabi. Ashe takalmin da ke ƙarƙashin gado ba ya maganin komai. Abin da ke sa a jefa shi ƙarƙashin gadon kuwa shi ne nauyi, da zafi, da muni, da wahalar sawa da cirewa.

Wannan ya kawo mu ga abin da masu tsara waɗannan kaya a Turai da Amurka ba su cika tunawa da shi ba, wato irin takalmin da muke sawa. Kusan duk matallafin da ake talla an zana shi ne don rufaffen takalmi mai igiya, wanda zai riƙe shi ta baya da gefe. Mu kuwa fa? Je ka Sabo a Ibadan, ko Agege, ko Ama Hausa a Owerri, ka dubi ƙafafun jama'a. Silifa ce da sandal da takalmin fata buɗaɗɗen baya. Ga zafi, ga gumi, ga ruwan damina a nan Kudu. Musulmi kuma zai tuɓe takalmi aƙalla sau biyar a rana, ya wanke ƙafa, ya mayar da ita da ɗan danshi, a gida kuwa da yawa ba ma sa komai. Ka ce wa dattijo mai babbar riga ya koma sa kambas da safa daga asuba zuwa isha, ai ka san amsar da za ka samu, zai ce to, ya kai gida ya ajiye. A ganina, in ana son wannan fasaha ta yi mana rana, kamata ya yi a gina matallafin a matsayin ƙasan sandal ɗin kansa, da madaurin dunduniya mai sauƙin ɓallewa, da rufin da ruwa ba ya lalatawa. Mai ciwon suga da jinsa ya mutu dai rufaffen takalmi ake so ya sa, don kare yatsu, to shi ma sai a nema masa mara nauyi mai shan iska. Hannun da zai yi wannan aiki kuwa muna da shi. Ga dukawan Ƙofar Wambai a Kano, ga masu takalma na Ariaria a Aba, ga 'yan'uwanmu masu gyaran takalmi da ke zagaya titunan Legas da akwatinsu. Inji ya gina ƙasa, baduku ya ɗinka sama.

Sai kuma matsalolin da kowa ya sani. Ƙaramar firinta takan ɗauki awoyi tana gina ƙafa biyu, in wuta ta ɗauke a tsakiya sau da yawa aikin ya ɓaci ke nan. Zaren nailan da na roba mai lanƙwasa suna shan danshin iska, in ba a busar da su ba hawa-hawan ba sa kama juna da kyau, ga shi kuwa danshi ba ya yanke mana a Kudu. Zaren da ya fi arha, wanda ake kira PLA, yakan fara laushi a zafin da ya kai wajen digiri 60, abin da cikin motar da aka rufe a rana ke iya kaiwa. Manyan injuna masu garin nailan, waɗanda suka fi fitar da kaya mai ƙarko, tsadarsu ta fi ƙarfin ƙaramin asibiti. Amma duk waɗannan ba su kai ƙarancin mutane ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutane 10 da ke buƙatar kayan tallafa wa jiki irin waɗannan, ɗaya ne kawai ke samu. Muna da tsofaffin asibitocin ƙashi na ƙasa a Igbobi ta Legas, da Dala a Kano, da Inugu, ana kuma koyar da wannan sana'a a kwalejin da ke Igbobi da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri. Idan gwamnati ko wani mai hannu da shuni zai sa kuɗi, ni zan ce a fara da horar da waɗannan ɗalibai zane a kwamfuta, da saya musu ma'aunin danni, kafin a sayi injin da za a yanke masa kyalle a gaban 'yan jarida a kulle ɗakin.

Mu kuma ɗaliban harshe namu aikin yana cikin ɗakin gwajin. Yadda masana ke auna daɗi shi ne, su ja layi mai tsawon santimita 10 ko 15, a wannan ƙarshe a rubuta rashin daɗi gaba ɗaya, a wancan a rubuta matuƙar daɗi, mutum ya sa alama a inda ya ga ya dace. To wace kalma za mu sa a ƙarshen layin nan da Hausa? Daɗi ya yi faɗi da yawa, da shi muke yabon miya da labari da barci. Sauƙi kuma na wanda ke da ciwo ne ya lafa. Sakewa ta fi kusa da yalwar wuri, wanda takalminsa ya yi masa yawa ma ya sake. Sannan wanda ya yi karatun allo ya saba farawa daga dama, ana iya samun ya juya layin a ransa ya sa alama a inda bai nufa ba. Ta ɓangaren kuka kuwa Hausa ta wadata: matsi dabam, tokara dabam, zogi dabam, raɗaɗi dabam, suka dabam, tsami dabam, ƙuna dabam, sanƙarewa dabam. Kowace cikinsu wani abu take gaya wa mai zane. Matsi na nufin a rage kauri ko a sauya takalmi, tokara na nufin a sauke tudun kwarmi, ƙuna a gefen dunduniya na iya nufin baki ne ke guga, sanƙarewa kuwa na nufin a ajiye batun daɗi a ɗauko zaren gwaji. A asibitocin nan na Kudu, inda likita Bayarabe ne ko Ibo, mara lafiya kuma Bahaushe ɗan kasuwa, yawanci wani yaro ake kira daga baranda ya yi tafinta, shi kuwa duk waɗannan kalmomi takwas da kalma guda ta Turanci yake mayar da su. Ina ba shugabannin ƙungiyarmu shawara, a zangon karatu mai zuwa a ɗauki wannan a matsayin aikin rukuni: a tattara kalmomin ciwo da na jin daɗin ƙafa daga bakin 'yan dako da dattawa da mata a unguwannin Hausawa da ke kusa da mu, a jera su da bayaninsu cikin Hausa da Turanci da harshen gari a takarda guda, a kai wa sashen ƙashi da na masu ciwon suga na asibitin koyarwa mafi kusa.